Taken Yaya Mas'udu

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Ƙanƙara ya san motar Almu, ko da bai san Almu ba. Ita ce shuɗiyar nan da ake ɗaure ƙofarta ta baya da igiya, kuma a duk layin Faskari ita kaɗai ce ba a kiɗa a cikinta. Rediyon ma babu. Inda ya kamata ya zauna rami ne, a nan Almu yake ajiye goro da asuwaki da wata sifana da ba ta dace da ko ƙusa ɗaya a jikin motar ba. 'Yan kamasho sun sa mata suna motar ta'aziyya. Sai ka ji suna ihu, "Faskari mutum ɗaya! Motar ta'aziyya, saura mutum ɗaya!"

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka Almu mutum ne mai ɗaure fuska. Ina! Gajere ne, baƙi, mai tumbi, shekarunsa arba'in da 'yan kai, kuma bakinsa ba ya hutawa. Kafin ku kai Sheme ya san sunan kowa, ya ɗaura wa tsohuwar da ke gaba aure da ɗan sandan shinge, ya yi wa akuyar da ke but huɗuba. In fasinja ya ce, "Direba, ba ɗan kiɗa ne?" sai ya ce, "Ga ni. Ni ba na cin batir, kuma ba na karanta labaran rasuwa."

In wani ya kunna waƙa a wayarsa, Almu ba ya hana shi. Waƙar soyayya, wa'azi, wasan barkwanci, duk ya ji. Abu ɗaya ne: da zarar an kunna gangar noma, sai ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce taya tana kiransa. Ya fita, ya zagaya motar, ya shura taya huɗu, ya yi nisa kamar mai neman wurin tsugunno, ba zai dawo ba sai kiɗan ya ƙare. Tsofaffin fasinjojinsa sun sani, su ne ma suke zungurar baƙo su ce, "Kashe, malam, in kana son mu isa yau."

Abin mamakin shi ne, duk ƙasar Pauwa ba a taɓa yin wanda ya so gangar noma kamar Almu ba.

A wani ƙauye aka haife shi kusa da Pauwa, su biyu ne maza wurin mahaifiyarsu, wadda kowa yake kira Goggo. Yayansa Mas'udu ya girme shi da shekara biyar, ya kuma fi shi da komai in dai a gona ne. Mas'udu dogo ne, ba ya magana sai ta kama, in ya sunkuya da galma ba ya ɗagowa sai kuyya, wato kunyar huɗa, ta ƙare. Almu kuwa in ya yi kuyya ɗaya sai ƙishirwa ta kama shi, in ya sha ruwa sai ƙaya ta soke shi, in an cire ƙayar sai ya tuna bai yi walaha ba. Goggo takan ce ta haifi manomi ɗaya da ɗan kallo ɗaya.

A lokacin, in an ce gayya a wannan yanki, to, an ce Mani da mutanensa. Baba Mani ne mai babbar ganga, Jabiru yana bin sa da 'yar ƙaramar gangar kazagi, ga 'yan amshi biyu masu murya kamar an wanke ta da zuma, ga wani sanƙira mai ido ɗaya da yake kururuta sunayen mutane. Almu ya bi su ƙauye-ƙauye tun ƙafarsa ba ta san takalmi ba. Ya taɓa tafiya har 'Yargoje a ƙasa, ba ci ba sha, don kawai ya ji an ce za su yi kiɗa a gonar wani mai unguwa. Ya so ya zama makaɗi, Goggo ta ce a gidansu ba a gaji kiɗa ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Sai ya koma kiɗa a bayan kwano, a murfin tukunya, a kan ƙannen maƙwabta.

Ga wanda bai taso a wajen ba, ga yadda abin yake. Duk manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda makaɗi ya ƙera masa. In aka buga takenka a gayya, kiranka aka yi a gaban jama'a. Ba a zama. Ko tuwo ne a hannunka sai ka ajiye, ka ɗauki galma ka amsa. Wanda aka buga takensa ya ci gaba da zama, to, ya gama aure a wannan yanki, 'yan mata za su sa shi a waƙa har jikokinsa su ji. In kuma mai take ya mutu, makaɗi yana naɗe taken ya ajiye, ba a ƙara buga shi.

Almu bai taɓa samun take ba, don ba a yi wa ɗan kallo. Amma ya haddace na kowa, kuma a wurinsa duk duniya babu kamar na yayansa. Yana farawa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ya hau, ya hau, sai can a ƙarshe ganga ta yi wata irin karyewa ta dawo. Wannan karyewar ce take sa tsigar jikin Almu ta tashi. In ta zo, sai ka ga bayan Mas'udu ya yi nisa a cikin gona, ƙasa tana tashi hagu da dama, Almu yana tsalle a bakin gona yana cewa, "Yayana ne! Cikinmu ɗaya! Ni na bar mashi ƙarfin!"

Shekara goma sha bakwai ke nan da aka yi wata gayyar huɗa a gonar dawa, ranar Laraba. Mas'udu ya kwana uku da zazzaɓi. Goggo ta ce kada ya fita, ya ce zai je ya zauna a gindin ɗorawa kawai, don kada mai gona ya ce bai zo ba. Ya je ya zauna, ya lulluɓa da mayafi. Rana ta take, gayya ta yi sanyi, samari suna jan galma kamar an tilasta su. Almu ya gaji da jin taken wasu. Ya zagaya ta bayan Baba Mani, ya raɗa masa a kunne.

"Baba, Yaya ya ce in gaya maka ya warke. Jira yake ka kira shi."

Mas'udu bai aike shi ba. Almu ne ya ƙirƙira, don ya ji karyewar nan sau ɗaya, don kuma ya ga yadda yayansa zai harare shi.

Mani ya buga. Mas'udu ya ɗaga kai, ya dubi makaɗi, ya dubi ƙaninsa da ke dariya yana ɓuya a bayan ganga, ya girgiza kai. Ya yaye mayafin, ya karɓi galmar wani yaro, ya shiga. Gayya ta tashi gaba ɗaya, mata suka yi guɗa. Ya yi kuyya ɗaya, ya juyo da ta biyu. A tsakiyar ta uku ya durƙusa, kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Aka ɗauke shi a amalanke. Bai kai la'asar ɗin washegari ba.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuma. Babu wanda ya ji raɗar sai Mani, shi kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Almu ya jira aka yi girbi, ya ɗaure kayansa a buhu ya taho Ƙanƙara. Ya yi wankin mota, ya yi karen mota, ya zama direba. Da zai auri Safara'u, sharaɗinsa ɗaya ne, ba kiɗa a bikin. Dangin amarya suka ɗauka ustazu suka samu, har suka fara gyara ɗankwali in ya zo gaisuwa. Sai da ya buɗe baki suka gane ba haka ba ne.

Ya guje wa ganga, amma taken bai guje masa ba. Yana cikin yatsunsa. In ya tsaya a shinge, yatsun suna bugawa a sitiyari. In ya gama cin tuwo, suna bugawa a gefen kwano. Da ya farga sai ya dunƙule hannun ya tura a aljihu, ransa ya ɓaci har yamma. Ya yi addu'a ba sau ɗaya ba, Allah ya cire masa wannan abu daga kai. Safara'u ba ta san labarin ba, ita dai ta san in kwano ya yi ƙara, maigida ya ƙoshi.

A daminar bana, wata rana da azahar, ya dawo gida cin abinci. Ya cinye, ya sha ruwa, ya jingina da bango. Safara'u ta leƙo daga madafa.

"Maigida, miyar ba ta yi ba ne?"

"Ta yi mana. Kin ga na bar ko ɗigo?"

"To ai ban ji ganga ba. Ya kai wata biyu ban ji ka buga kwano ba. Na ce ko hannuna ne ya lalace."

Ya yi dariya, ya ce makaɗin ya tafi yajin aiki. Da ta koma ciki, ya jawo kwanon a hankali, abin da bai taɓa yi da gangan ba. Ya buga farkon, ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ya hau. Ya zo wurin karyewa, sai yatsun suka tsaya. Ya sake daga farko. Suka sake tsayawa a wuri ɗaya, kamar jakin da ya ga rami. Ya gwada ta nan, ya fito da taken wani mahauci. Ya gwada ta can, ya fito da na wani da ba su ma shiri. Na yayansa babu.

Addu'arsa ta karɓu, shi kuma ya ji kamar yau aka fita da Mas'udu a amalanke. Ba shi da hotonsa. Goggo ta rasu, gidansu na ƙauye ya zama kango tun da mutane suka taso saboda rashin zaman lafiya. Muryar yayansa ta daɗe da shuɗewa daga kunnensa, dama ba mai yawan magana ba ne. Ashe abin nan da yake kora shekara goma sha bakwai, shi kaɗai ne ya rage masa.

Ranar kasuwa ya bar motar a layi, ya nufi rumfar Salahuddeen mai tura waƙoƙi a waya. Salahuddeen ya gan shi ya miƙe tsaye.

"Inna lillahi! Direban ta'aziyya a rumfata? Wa ya mutu?"

"Ubanka ne ya farfaɗo. Kana da kiɗan Mani?"

"Wane Mani?"

"Mani nawa ka sani mai gangar noma? Na ƙasar Pauwa."

Salahuddeen ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba wasa a fuskar, ya zauna ya fara bincike a kwamfuta. Ya ce akwai guda tara, daga tsofaffin kaset aka kwaso su, sautin duk shuu kamar ana soya ƙosai. Babu mai tambayarsu sai tsofaffi. Ya tura masa a waya.

Almu bai koma layi ba. Ya ja motar babu fasinja ya fita bayan gari, ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya kashe inji. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ci goro. Ya fita ya shura taya, don sabo. Ya dawo ya danna.

Kazagin Jabiru ne ya fara shigowa, siriri, mai rawar kai. Sai babbar ganga ta faɗo a kansa.

Ya yi zaton ƙirjinsa zai tsage. Bai tsage ba. Abin da ya zo masa ƙanshin ƙasa ne da aka juya da safe, da furar gayya a babbar ƙwarya, da zafin tsakuwa a tafin ƙafa a hanyar 'Yargoje. Ga sanƙira mai ido ɗaya yana kiran mutanen da rabinsu suna kabari, rabi suna gudun hijira, amma a cikin wayar duk suna nan da ƙarfinsu, ana yi masu guɗa. Ga 'yan amshi. Ya manta ashe haka suke da daɗi. Ya manta ashe shi ma ya taɓa zama yaron da ba ya son komai a duniya sai wannan. Ya saurari tara ɗin a jere, hawaye yana bin gemunsa, ƙafarsa tana taka birki a kan kiɗa. Wani mai babur ya tsaya ya leƙo ya ce ko lafiya, Almu ya ce albasa ya ɗauko.

Taken mutum ashirin da shida ya ƙirga. Na Mas'udu babu. Duk an ɗauki kaset ɗin ne bayan an naɗe shi.

Daga ranar ya shiga cigiya. In ya sauke fasinja sai ya tambaya, ko an san inda Mani mai ganga ya koma. Wani ya ce ya mutu. Wani ya ce ya makance. Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, ta ga mai kazaginsa yana sayar da rake a Faskari. A can kuwa ya same shi, a bakin kasuwa, da baro da wuƙa, gashinsa ya yi fari. Jabiru ya ƙura masa ido.

"Kai ba ɗan kallon nan ba ne, ƙanin Mas'udu? Mi ka ci haka ka kumbura?"

Suka gaisa, suka yi ta'aziyyar waɗanda suka tafi, aka daɗe ana lissafi. Sanƙira ya rasu. Ɗan amshi ɗaya yana Legas yana gadi. Jabiru ya ce shekara biyar ba a kira su gayya ba. Wa zai tara samari ɗari a gonar nesa yanzu, ana kiɗa ana sanar da duniya inda ake? Ga feshin maganin ciyawa ya zo, ga garmar shanu. Almu ya tambaye shi taken. Jabiru ya buga nasa ɓangaren a jikin baro, ya tsaya.

"Ni bi nake. Karyewar nan hannun Baba ce, ban taɓa iya ta ba. Shina Sabuwa wurin ɗiyarshi Nana Khadija. In za ka tahi ka tahi, jikin ya fara sanyi."

Ya kwana biyu yana neman dalilin fasawa. Mai ya yi tsada. Hanya ba ta da kyau. Ran na uku ya gaya wa Safara'u duka, tun daga gindin ɗorawa, karo na farko da ya faɗa wa wani mai rai. Da ya gama, ta tashi ta ɗaure masa kulin ƙuli-ƙuli da daddawa, ta ce ba a zuwa wurin tsoho hannu sake.

Ya isa Sabuwa da hantsi, ta Funtuwa da Dandume. Gidan yana ƙarshen gari, da 'yar gonar masara a bayansa. Baba Mani yana zaune a tabarma a ƙofar gida, ya ƙanƙance, kamar an wanke shi ya shige. Almu ya cire takalmi ya tsuguna. Ya shirya barkwanci uku a hanya, ko ɗaya bai fito ba.

"Baba, ina kwana. Almu ne, na Goggo."

"Na gane ka tun daga tahiya. Har yanzu kana taka ƙasa kamar mai gudun aiki. Shekara nawa?"

"Sha bakwai."

"Ka daɗe a hanya."

Nana Khadija ta aiko da ruwa. Almu ya sha, ya ajiye kofin, ya kafa ido a tabarma.

"Baba, ranar nan, Yaya bai aike ni ba. Ƙarya na yi maka."

"Na sani."

Almu ya ɗago.

"Yo ni makaho ne? Shekara arba'in ina kallon idon manoma. Tun da ya zauna na ga idonshi ja, na ga leɓenshi ya bushe. Gayya ce ta mutu a hannuna, mai gona shina hararata, na san in na kira Mas'udu za ta tashi. Ina neman wanda zai ce mani buga, sai ga ka." Tsohon ya shafa gwiwarsa. "Kai yaro ne mai wasa. Ni ne babba. Kai ka gudu da naka, ni na zauna da nawa. Kwana kuma na Allah ne, mu biyun ba mu isa mu rage mashi ko ɗaya ba. Na gaya wa kaina haka kullum. Wata rana in yarda, wata rana in ƙi."

Kaza ta zo ta duba kulin daddawa, Almu ya kore ta.

"Ya ɓace mani, Baba," ya ce. "Taken. Farkon shina nan, ƙarshen ya tahi. So nake ka buga mani sau ɗaya, in ɗauka a waya."

"A'a."

"Don Allah, Baba."

"Na naɗe shi. Ba ni buga taken mamaci don a zauna a tabarma a saurara, balle a sa a aljihu a kai tasha. Take kira ne. In na buga, wa zai amsa?"



"Hanya ɗaya ce," in ji Mani. "Jininshi ya karɓa. In ka karɓa, ya zama naka, in na buga kai nake kira. Kuma ka san ba a zama." Ya juya kai wajen bayan gida. "Ga masarar Nana can tana son huɗa. Mijinta ya tahi Dandume."

"Baba, ni? Dubi cikin nan fa. Rabona da galma tun kana da haƙora."

"Da can ma mi ka yi da ita?"

Aka fito da gangar daga ɗaki, a naɗe cikin tsohon zane. Tsohon ya sa aka ajiye ta a rana ta ɗan sha zafi, ya ja igiyoyinta, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ƙara ja. Ba zai iya rataya ta ba, sai aka kai masa turmi bakin gona ya zauna, aka jingina ta a cinyarsa. Almu ya cire riga, ya rage singileti. Nana Khadija ta miƙo masa galma tana ƙunshe dariya. Maƙwabta mata biyu suka leƙo ta kan danga, ɗaya ta ce, "Wannan ai sai dai ya huɗe tuwo."

Ya tsaya a bakin kuyya ta farko. Wayar tana can a mota.

Ƙwanƙwasa ƙofar ta zo, a hankali, ba ƙarfi kamar da, amma ita ce. Almu ya sunkuya ya kafa galma. Ƙasar tana da laushi, an yi ruwa shekaranjiya. Kiɗan ya hau, shi ma ya ja, ya ja, bayansa yana ƙara kamar ƙofar motarsa. Ya hau. Almu ya riƙe numfashi, don an zo wurin da yatsunsa suke tsayawa.

Ganga ta karye ta dawo.

Ashe ɗan jinkiri ne. Hannun yakan tsaya daidai ƙiftawar ido, kamar mai shirin fasawa, sannan ya faɗo sau biyu. Wannan ne kawai. Wannan ne ya yi ta nema a gefen kwano. Bai san lokacin da ya ɗaga kai ya dubi gabansa ba, can tsakiyar gona, inda dogon baya ya saba yin nisa. Masara ce kawai tana kaɗawa. Ya mayar da kai ƙasa ya ci gaba da ja, gumi da hawaye suna ɗiga a kan galma, ɗaya daga cikin matan nan ta daina dariya ta rangaɗa guɗa.

Ya kai ƙarshen kuyyar, karkatacciya kamar hanyar maciji, ya dafa galma yana haki. Kiɗan ya tsaya.

"Ya isa," in ji Mani. "Ka amsa."

"Ƙara ɗaya, Baba."

"Kai, tahi can. Kana huci kamar tsohon injin niƙa."

"Ɗaya tak. Ban ida riƙe shi ba."

Tsohon ya ajiye makaɗin, wato sandar kiɗan, a cinyarsa. "Zo nan tukuna."

Almu ya tako cikin ƙasa, ya tsuguna a gabansa. Mani ya kama haɓarsa, ya juya fuskar wajen rana, ya ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa, ya duba na dama, ya duba na hagu. Ya taɓa goshinsa da bayan hannu. Ya daɗe bai saki ba.

"Nana," ya ce, "kawo mashi ruwa ya sha." Sannan ya ɗauki makaɗin. "In ka sha ka koma. Kuma wannan karon ka miƙe kuyyar, mai taken nan bai taɓa huɗa a karkace ba."